Yadda ake kayar da Sigrun, sarauniyar Valkyrie a God of War, mataki bayan mataki

Tambayar da aka fi turo min a 'yan kwanakin nan ita ce ta Sigrun, wasu har da hoton talabijin ɗinsu Kratos na kwance an taka masa wuya. Wani ya ce ya gama labarin gem ɗin kakaf ya doke Baldur amma matar nan ko rabin jininta ya kasa ci, wani kuma ya ce ya goge gem ɗin don haushi daga baya ya sake saukewa. To ga amsar a wuri ɗaya, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar God of War na 2018 nake yi, wanda ya fito a PS4 sannan ya zo kwamfuta a Janairun 2022, ba Ragnarok ba. Maɓallan da zan ambata na fad ɗin PlayStation ne, in da kibod kake bugawa sai ka duba abin da ya yi daidai da su a saitinka. Sunayen kayan cikin gem ɗin kuma na bar su yadda suke a rubuce a allo don ka gane su in ka shiga menu.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe kafin mu fara: kusan duk wani hari da Sigrun ke kawowa aro ta yi daga Valkyrie takwas ɗin da ke ƙarƙashinta, wato mayaƙan matan nan masu fukafukai. Wanda ya doke takwas ɗin da sa'a ko da ruwan runic (hare-haren makami na musamman da sai an jira su sake cika) kawai bai tsaya ya karanci motsinsu ba, shi ne zai zo gabanta ya sha wuya, ko da lebul ɗinsa ya kai ƙarshe.

1. Samo kurfi tukuna

Ba ka isa ka ga Valkyrie ɗin da ke ɓoye a ɗakunan Odin ba sai ka samu kurfin sihirin nan da ake ɗaukowa a gawar ƙaton nan Thamur, a cikin labarin gem ɗin ne, babin The Magic Chisel, ba yadda za a yi ya wuce ka. Shi ke buɗe ƙofofin nan masu sheƙi kamar madubi da kake ta wucewa tun farko kana mamakin me ke ciki. Kana zuwa ƙofar sai ka riƙa yawo da bakin kurfin a jikinta har fad ɗin ya yi rawa sosai, sai ka buga.

Shawarata ka ƙarasa labarin gaba ɗaya kafin ka sa Sigrun a gaba. Bayan an gama gem ɗin yana nuna maka wuraren Valkyrie a taswira, kuma ƙofofin Mystic Gateway da ka riga ka gano duk sun buɗe kana tsallakawa inda kake so ba sai ka yi ta tuƙa kwalekwale a Lake of Nine ba.

2. Doke takwas ɗin, amma ka yi karatu a kansu

Huɗu suna Midgard: Gunnr a wajen gawar Thamur, Kara a River Pass ta ƙasan kogon mayya, Geirdriful a Foothills, Eir a cikin Dutse. Sauran huɗun: Olrun a Alfheim, Rota a Helheim, Gondul a can ƙololuwar Muspelheim bayan ka haye gwaje-gwajen da ke ƙasa, sai Hildr a cikin hazon Niflheim.

Fara da Gunnr, ita ce mai sauƙinsu, a kanta za ka koyi kaɗe lauje da garkuwa. Daga nan Kara, wadda ita kanta ba ta da wani ƙarfi, matattun da take kirawo ne ke damun mutum (Sigrun ba ta kiran kowa, wannan kam ka huta). Eir ita ce malamar haƙuri, tana rufe jikinta da fukafukai ta jira ka yi wauta. Olrun gudu ne da ita da sukan fiffike. Rota ita ce mai shawagi ta cafke ka, da taka wuya. Gondul wuta take saukarwa daga sama, Hildr kuma ƙanƙara take harbawa ga hazo na cin lokacinka.

Ga yadda za ka yi karatun: duk wadda ka je wajenta, zagaye biyu ko uku na farko kar ma ka yi niyyar cin faɗan. Ka ɗaga garkuwa ka yi ta kallo, me take yi da fiffike kafin ta kawo hari, wane ihu take yi, ta wane gefe take zuwa. In ka mutu ba abin da ka rasa, a bakin ɗakin za a dawo da kai. Na san da gundura, amma abin da ka koya a kan Olrun da Rota musamman shi ne rabin faɗan Sigrun.

Hattara: Hildr daban take. In ka mutu a cikin hazo ko lokacinka ya ƙare, duk Mist Echoes (kuɗin da ake tarawa a Niflheim) ɗin da ka tara a wannan shigar sun tafi. Ka fara fita ka ajiye abin da ka tara, sannan ka dawo ka nufi wajenta kai tsaye ba tare da tsayawa buɗe akwatuna ba.

3. Buɗe Muspelheim da Niflheim

Kowanne yana buƙatar gutsattsarin cipher, wato rubutun da ke buɗe hanyar zuwa can, guda 4, suna cikin akwatunan nan masu abin rufe fuska a jiki mai launin shunayya, a warwatse a Midgard. In sun cika sai ka je ɗakin tafiya da ke haikalin Tyr ka juya zuwa can. Ba don Gondul da Hildr kawai za ka je ba, a duniyoyin nan biyu kayan da za su kai ka lebul 7 zuwa 8 suke.

4. Haɗa sulke, nan ne kuɗin yake tafiya

Gem ɗin ba ya sayar da komai da kuɗin gaske, abin da za ka kashe Hacksilver ne, wato kuɗin cikin gem, da kayan haɗi da kuma lokacinka, kuma lokacin ne mai tsadar. Ka ware yamma biyu ko uku don Niflheim kaɗai.

Da ka isa za ka tarar da Sindri maƙeri a bakin wurin. Zai nemi Mist Echoes 500 ya haɗa maka mabuɗin ɗakin tsakiya. Ka shiga ɗakin farko da na biyu, ka kashe abin da ke ciki, ka buɗe akwatuna, ka fito da gudu kafin sandar hazon da ke saman allo ta ƙare, ka maimaita har su cika. A ɗakin tsakiyar akwai tsohon sulken Ivaldi mai tsatsa, ka ɗauko ka kai wa Sindri, daga nan zai fara ƙera maka sulken Ivaldi kala uku, Deadly Mist da Endless Mist da Cursed Mist. Ƙera su da ɗaga su na cin Mist Echoes da Niflheim Alloy da Haze Weave da Aesirbane, duk a cikin hazon ake samu, kuma ɗakunan can ciki sun fi ba da masu tsadar.

Dalilin da ya sa nake tura mutane ga sulken nan shi ne yana dawo maka da jini kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Kaɗan ne ƙwarai, in kana kallo ma ba za ka ga yana motsi ba, amma faɗan Sigrun dogo ne kuma yawancinsa jira ne da zagaye, to a nan ɗan abin nan yake taruwa ya zama bugu ɗaya ko biyu da za ka iya shanyewa. Ni Deadly Mist na fi so saboda ƙarfin duka, amma duk wanda ka samu kayansa a cikin ukun ya isa.

Akwai kuma sulken Valkyrie, na ƙirji daga Hildr, na hannu daga Gondul, na ƙugu daga Olrun, ana ɗaga shi da Asgardian Steel ɗin da suke zubarwa. Yana da kyau ga mai dogaro da runic don yana rage jiran dawowarsu. Kana iya gaurayawa, ba dole sai saiti ɗaya ba.

Hattara: kar ka watsa kayan haɗinka a kan sulke uku daban-daban kana gwadawa. Zaɓi ɗaya ka kai shi ƙarshe. Sulke ɗaya da aka ɗaga har ƙarshe ya fi uku da aka bari a rabi, kuma ramukan enchantment (ƙananan abubuwan ƙarin ƙarfi da ake cusawa a sulke) ɗin da ke jiki ka cike su duka da masu lebul mafi girma da kake da su, don su ma suna ɗaga lebul ɗin Kratos gaba ɗaya.

5. Kai makamai ƙarshe

Gatarin Leviathan yana tsayawa a lebul 6, Blades of Chaos, wato wuƙaƙen nan masu sarƙa, a lebul 5. Yawancin Frozen Flame da Chaos Flame, waɗanda da su ake ɗaga makaman, a hanya ake samunsu, amma na ƙarshen kowanne ne mutane ke nema su rasa. Na gatari: a ɗakin tsakiyar Niflheim akwai akwatin da ake buɗewa da Mist Echoes 5,000, a ciki akwai Chilling Mist of Niflheim, ka kai shago a musanya maka da Frozen Flame. Na sarƙa: in ka doke Gondul za ta zubar da Raging Inferno of Muspelheim, shi ma shago za ka kai a ba ka Chaos Flame. Da yawa suna yawo da abubuwan nan a jaka ba su san na musanya ba ne.

Kar ka manta da yaron, wato Atreus ɗan Kratos. Bakan Atreus da kwarinsa duk ana ɗaga su a wajen Brok ko Sindri, kuma ka sa masa Runic Vestment, wannan rigar ce ke sa wani lokacin ya jefo maka dutsen jini in ka jigata.

Sai tuffan Idunn da ƙahon Blood Mead da ke cikin akwatunan Nornir, kowanne guda 9 ne a gem ɗin, duk ukun da ka tara suna ƙara tsawon sandar jini ko ta fushi (Spartan Rage). In naka ba su cika ba koma ka nemo, wannan ƙarin kyauta ne ba ya cin ko sisi.

6. Zaɓi runic, laya da dutsen tashi

Kana da runic huɗu, biyu a gatari biyu a sarƙa, L1 da R1 na ƙarami, L1 da R2 na babba. Ka zaɓi masu fita da sauri kuma masu faɗa wa abu ɗaya, ba masu share fili ba, mutum ɗaya kake faɗa da ita. A gatari Hel's Touch yana da amfani fiye da yadda ake zato, ba ya cin jini sosai amma yana fita nan take ya katse ta kuma yana dawowa da wuri. Babban kuma Frost Giant's Frenzy ko Ivaldi's Anvil. A sarƙa Hyperion Slam na ci sosai, ƙaramin kuma Nemean Crush ko Spartan Charge. In akwai wanda hannunka ya riga ya saba da shi, riƙe shi, kawai ka tabbata ka zuba masa XP har mataki na uku.

Laya kuwa biyu nake ba da shawara. Talisman of the Realms da Kara ke zubarwa, kana danna L1 da O lokaci ya rage gudu ka samu sararin sauke mata duka. Ko Amulet of Kvasir da ke Alfheim, wanda ke rage gudun lokaci da kansa duk sanda ka kauce a daidai gaɓar ƙarshe. Wanda kaucewarsa ta nuna ya ɗauki Kvasir, wanda har yanzu hannunsa na rawa ya ɗauki na Kara.

Kiran dabbobin Atreus kuma da riƙe bokis (maɓallin mai kusurwa huɗu) ake yi: Wrath of the Wolf yana riƙe ta na ɗan lokaci kyarketai na cizo kai kana duka. Bitter Squirrel kuma kuregen nan ne mai baƙar magana da ke tono maka duwatsu, in kibiyar haske ce a saite ya tono na jini, in ta lantarki ce ya tono na fushi. Ni kyarketai nake ɗauka, amma wanda jini ke yawan ƙare masa kurege ya fi masa.

Sannan ka biya shago ka sayi Resurrection Stone, ɗaya tak ake iya riƙewa. Superior yana tashe ka da jini mai ɗan yawa, Berserker yana tashe ka da jini kaɗan amma sandar fushi a cike. Na biyun ya fi a nan, don kana tashi ka kunna fushi ka dawo da jinin da duka kuma ka ci nata.

Hattara: ka sayi dutsen kafin ka taɓa ramin da Sigrun take fitowa. In da shi ka shiga, duk sanda ka mutu aka dawo da kai zai dawo tare da kai, ba sai ka sake saye ba.

7. Gyara saiti da wurin zama

Wannan matakin mutane na raina shi. Faɗan nan na ƙiftawar ido ne, in talabijin ɗinka na jinkirta hoto to kana ganin harin ne bayan ya riga ya same ka. Shiga saitin talabijin ka kunna Game Mode. A PS4 na asali firam 30 gem ɗin ke gudu, a PS5 akwai sabuntawar da ta kai shi 60, a kwamfuta kuma gara ka rage kyan hoto ka samu gudu mai santsi da a ce hoto ya yi kyau yana sarƙewa. Ka ƙara sauti ko ka sa abin kunne, don wasu hare-haren da kunne ake fara gane su kafin ido. In a shagon gem kake bugawa inda ake ta ihun ƙwallo a gefenka, abin kunnen ya zama dole.

Ka yi sabin, wato ka adana inda ka kai, da hannunka kafin ka shiga, saboda wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Maganar wahala kuma, matakai uku na farko ana iya sauya su a kowane lokaci, kuma kofin Chooser of the Slain ba ruwansa da matakin da ka buga. In ka gaji ka sauke zuwa Give Me a Story ba wanda zai kama ka. Give Me God of War ne kawai ba a sauyawa in an fara, wanda ya zaɓi wannan shi ya jawo wa kansa.

8. Kai kwalkwali takwas majalisa

Council of Valkyries tana arewacin Lake of Nine, tsakanin hasumiyar Alfheim da Mason's Channel, kuma sai ruwan tafkin ya sauka karo na biyu ake iya isa. Fili ne zagayayye da kujerun dutse, ka ɗora kowane kwalkwalin da ka samo daga Valkyrie ɗin a kujerarsa, in na takwas ya hau wani baƙin rami zai buɗe a tsakiya. Kar ka taɓa shi sai runic ɗinka duk sun cika, jini ya cika, kuma in da hali ka zo da sandar fushi a cike daga wani faɗan.

9. Sakan goma na farko

Da zarar an sakar maka fad, danna R3 ka kulle ta a ido, ka sauke runic biyu na makamin da ke hannunka, ka sauya makami ka sauke sauran biyun, ka riƙe bokis kyarketai su fito, in akwai sauran sarari ka riƙe R2 da gatari ka sara mata Executioner's Cleave. In abin ya tafi daidai za ka ga wani yanki mai kyau na jininta ya tafi tun ba ta fara ba. Daga nan sai ka ja da baya ka ɗaga garkuwa, yanzu aka fara faɗan gaskiya.

Hattara: wannan ruwan runic ɗin sau ɗaya ne yake zuwa a sauƙaƙe. Nan gaba kar ka sake su don kawai sun cika, in tana sama ko tana zillo za su tafi a iska kuma ka tsaya a buɗe. Ka jira sai ta gama hari ta sauka.

10. Karanta ta, hari bayan hari

Dokar launi dai ka san ta: jan zobe ba a tarewa sai kaucewa, ruwan ɗorawa ana kaɗe shi da L1 a daidai lokaci amma in ka tsaya riƙe da garkuwa zai fasa ta, wanda ba zobe kuma garkuwa na ɗauka. Tsayuwarka ta asali ita ce garkuwa a sama, tazara matsakaiciya, kana zagayawa ta dama a hankali.

Sukan fiffike. Za ta kawo sara da fukafukai sau biyu ko fiye, ka tare, sai ta ja fiffike ɗaya baya ta soko shi gaba da jan zobe. Dama za ka kauce, kullum dama. Hagu ko baya duk zai same ka. Wani lokacin ba ta ma yin saran, daga nesa za ta zabura gefe ta taho da sukan kai tsaye, shi ya sa na ce ka riƙa zagayawa ta dama tun asali don babban yatsanka ya riga ya kwanta a wajen. In ka kauce daidai tana tsayawa a buɗe na ɗan lokaci, nan ne wurin dukanka mafi yawa a faɗan gaba ɗaya.

Taka wuya. Wannan ne ya fi kashe mutane. Za ta yi tsalle sama ta ɓace daga allo, sau da yawa da ihun Valhalla, sai ta faɗo a kanka ta danne ka da ƙafa tana taka wuyan Kratos kana kallo ba abin da za ka iya, jini na zuba kamar an fasa tulu. Maganinsa danna X sau biyu ka mirgina gaba ɗaya, ba ɗan gocewar danna ɗaya ba, kuma da ƙafarta ta bar ƙasa za ka yi, ba sai ka ji ihun ya ƙare ba. In ka jira ka ga inda za ta sauko ka makara. Kuma tana iya maimaitawa nan take, wani lokacin ta bar wuta a inda ta sauka, don haka in ka tsira daga na farko kar ka ruga dukanta, ka ga ta tsaya tukuna.

Shawagin cafka. Za ta ja baya can nesa ta buɗe fukafukai ta yi ƙara ta taho ƙasa-ƙasa kamar shaho. Gefe za ka mirgina, kuma ka sa ran za ta juyo ta sake. Kar ka gudu da baya, ta fi ka sauri.

Tashi sama ta tara ƙarfi. In ka ga ta ɗaga sama ta tsaya cak tana tara wani abu, to harin da ke cika fili ne, garkuwa ba ta tare shi, mirginawa ma ba ta cika fitar da kai ba, kuma yana iya makantar da kai allo ya yi fari. Kakkaɓo ta ake yi. Danna bokis nan take, in kibiya ba ta sauko da ita ba ka riƙe L2 ka jefe ta da gatari. In ta faɗo tana ɗan jimawa a ƙasa, nan ma wurin runic ne.

Hattara: saboda wannan harin kaɗai, kar ka riƙa danna bokis barkatai. Kibiyoyin yaron 'yan kaɗan ne kuma suna ɗaukar lokaci kafin su dawo, ka bar ɗaya ko biyu a ajiye kullum. Haka gatari, in ka jefa ka danna tirayangul ya dawo, kar a zo ana neman sa yana can maƙale a jikin kujera.

Ƙanƙara. Tana shawagi ta yi ta harbo ƙanana a jere, ka riƙe garkuwa har su ƙare, amma na ƙarshen babba ne mai jan zobe, shi kaucewa ake yi. Kuskuren da ake yi shi ne sakin garkuwa da wuri ko kuma riƙe ta har babban ya iso.

Zobba da gashin fiffike. Gashin da take watsowa garkuwa na ɗauka. Zobban da take jefowa kuwa ka kalli launi, masu lanƙwasowa ta gefe ana tare su, wanda ya taho a miƙe da ja ka goce gefe.

Wuta daga sama. Za ta ɗaga sandarta ƙasa ta yi alamu, ka fita daga kan alamar, kuma bayan ta faɗo wurin na ci gaba da ci na ɗan lokaci. Matsalar ba wutar ba ce, yadda take raba maka hankali ne, kana kallon ƙasa ita kuma ta taho da suka. Ka matsa can gefe mai tsabta ka mai da idonka kanta.

Rufe jiki. In ta naɗe kanta da fukafukai kar ka kai mata sara, ramawa za ta yi. Ko ka danna L1 sau biyu ka fasa tsaron in ka sayi Block Break, ko ka ja baya ka bar ta, jininka na dawowa runic na cika, ita ta yi asara. Amma ka kula da abin da ke biyo baya, takan fito daga rufin da dukan sanda mai jan zobe.

Juyi da lauje. In ta taho tana juyawa kamar katantanwa riƙe garkuwa har ta tsaya. Laujen Gunnr kuma mai ruwan ɗorawa ne, in ka iya kaɗewa ka samu duka kyauta, in ba ka da tabbas ka mirgina kawai, ba a ba da maki don burgewa.

11. Duka nawa ake yi

Biyu, in ya yi yawa uku, sai garkuwa. Wannan ita ce dokar da ta fi duk sulken da na lissafa a sama. Sigrun ba ta barin ka gama jerin dukanka, tana tsakiyar shan sara za ta zille ta dawo da suka ko ta yi sama, kuma in Kratos ya riga ya fara lilo da gatari ba ya iya fasawa ya kauce a kan lokaci. Duk wanda ya turo min bidiyon mutuwarsa, in na duba kusan kullum a duka na huɗu ne aka kama shi. R1 ya fi R2 aminci a nan saboda yana ƙarewa da wuri, ka bar masu nauyin sai ta faɗi ƙasa ko kyarketai sun riƙe ta ko lokaci ya rage gudu.

Gatari ko sarƙa? Gatarin ya fi cin jini a duka ɗaya kuma yana hannunka in ana buƙatar jifa, don haka shi ne na riƙewa. Sarƙar ka ɗauko ta don runic ɗinta ka mayar.

12. Fushi da dutsen tashi, yaushe

Spartan Rage, wato L3 da R3 tare, ba don cin jininta aka tanade shi a faɗan nan ba, dukansa a kanta ba wani abin kirki ba ne. Amfaninsa shi ne yayin da yake kunne harinta sandar fushi yake ci ba jininka ba, kuma duk naushin da ka kai yana dawo maka da jini. Saboda haka ka riƙe shi sai jininka ya yi ƙasa sosai, ka kunna, ka yi ta R1 har jinin ya farfaɗo, in ya isa ka sake danna L3 da R3 ka kashe shi ka adana ragowar.

Dutsen tashi kuma in ka faɗi tana da fiye da rabin jini, kar ka ɓata lokacinka, bari a sake daga farko. In ta kusa ƙarewa ne ka danna bokis yaron ya tashe ka, ka kunna fushi nan take tun ba ta sake taka ka ba.

13. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe

Nan hannu ke fara zufa. Ba wani sabon hari take kawowa ba, kai ne kake canzawa, ka ga jinin ya rage kaɗan sai ka ce bari in ƙarasa ta da ƙarfi, sai ka manta dokar duka biyu. Ka ci gaba da yadda ka faro, in runic sun kusa cika ka yi ta zagaye kana tarewa har su cika, ka jira ta yi sukan fiffike ka kauce dama, sannan ka sauke su duka. In alamar R3 ta fito a kanta ka danna, sauran na Kratos ne.

In ka yi awa guda kana mutuwa kuma ka lura yanzu tun farkon faɗan ake kashe ka a abubuwan da ɗazu kake kaucewa, ajiye fad ɗin ka tashi, gobe ka dawo. Gajiyar yatsu gaskiya ce, kuma da yawan waɗanda suka ci ta washegari ne a gwajin farko-farko.

14. Kwashe abin da ta zubar

Bayan ta faɗi akwai 'yar hira tsakaninta da Mimir, kan nan mai magana da Kratos ke rataye da shi, tsohuwar soyayya ce a tsakaninsu, kar ka yi saurin wucewa. Sannan ka tsince komai a ƙasa: kwalkwalinta, ƙotar gatari mai suna Retribution, enchantment ɗin Njord's Temporal Stone, da ƙarfen ɗaga sulken Valkyrie. Kofin Chooser of the Slain zai faɗo a nan.

Mai niyyar shiga New Game Plus, wato sake buga labarin da kayan da ya tara, ya doke ta tukuna kafin ya fara, don ya wuce da kayan nan. A can Valkyrie ɗin duk sun ƙara tauri, kuma a can ne kawai ake samun sulken Zeus, na hannu a wajen Gondul, na ƙugu a wajen Hildr, na ƙirji a wajen Sigrun. Sulken yana ninka dukanka sosai amma yana ninka wanda ake yi maka, har ta kai hari ɗaya ko biyu na iya gamawa da kai, don haka kar ka sa shi sai kaucewa dama da mirginar Valhalla sun zauna maka a hannu.